Kaki Ɗaya, Amma da Ɗan Mowa da Ɗan Bora

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu in tofa albarkacin bakina a kan sharhin da kuka buga a makon tunawa da 'yan mazan jiya. Marubucin, Allah Ya saka masa da alheri, ya ce Yaƙin Duniya na Biyu ne ya tsamo Amurka daga talauci ya ɗora ta a saman duniya, kuma babu ƙasar da ta rungumi tsofaffin sojojinta kamar ita. Jikana ne ya karanta mini a wayarsa, don idanuna sun yi rauni. Da ya kai ƙarshe sai ya ɗago kai ya ce, "Ashe dai Kaka, yaƙi ma yana da ranarsa." Maganar nan ta hana ni barci. Shi ya sa yau na zaunar da shi, ina faɗa yana rubutawa.

Aikina koyar da gyaran injuna ne har na yi ritaya. Amma ni ɗan soja ne, mahaifina ya je yaƙin ƙasar Bama, wato Burma, ya dawo, kuma a 1978 ina cikin matasan da gwamnatin tarayya ta tura Amurka koyon fasaha. Shekara uku na yi a birnin Detroit na jihar Mishigan. A can Allah Ya haɗa ni da dattawa biyu da suka yi wannan yaƙi a ƙarƙashin tuta ɗaya. Ɗaya malamina ne, farar fata. Ɗayan kuma shi ne mai gidan da nake haya, baƙar fata. Abin da na ji daga bakinsu, da abin da na bi diddiginsa daga baya, shi nake so jikana da sa'o'insa su ji.

Marubucinku bai yi ƙarya ba a kan arzikin. A 1933, cikin kowane ma'aikaci huɗu a Amurka ɗaya yana zaman kashe wando. Zuwa 1944 marasa aiki ba su kai biyu cikin ɗari ba. A watan Fabrairun 1942 aka dakatar da ƙera motocin hawa gaba ɗaya, masana'antu suka koma tankoki da jiragen yaƙi. Kusa da Detroit akwai wani wuri mai suna Willow Run, inda kamfanin Ford ya kai yana fitar da jirgin sama mai jefa bom guda ɗaya a kowace awa. Na je wurin, a lokacin an mayar da shi masana'antar kayan mota, ginin kansa sai ka yi tafiya har ƙafa ta gaji ba ka ƙure shi ba. Jiragen sama kusan 300,000 Amurka ta ƙera a shekarun yaƙin, wasunsu ma ta Kano da Maiduguri suka bi, suka sha mai, suka wuce Khartum da Alƙahira. Mata miliyoyi suka fito daga gida suka kama aikin walda da ɗaurin kusoshi.

To amma me ya sa abin ya yi wa Amurka kyau? Saboda teku biyu sun yi mata katanga. In ka ɗauke harin da Japan ta kai Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba, 1941, wanda ya ci rayuka kusan 2,400, da faɗan da aka yi a tsibirai masu nisa, babu birnin Amurka ko ɗaya da aka rushe. Tarayyar Sobiyet ta binne mutum fiye da miliyan 20. Biranen Jamus da na Japan sun koma toka, Ingila ta fito da bashi har wuya. Idan gobara ta cinye unguwa kaf, gida ɗaya ya tsira, ai mai wannan gida ne zai sayar wa kowa azara da ƙyaure. Wanda ya ga haka ya ce gobara tana kawo arziki, bai tambayi sauran 'yan unguwa ba.

Su kansu Amurkawan ba su sha da daɗi ba. Mutum wajen miliyan 16 suka sa kaki, fiye da 400,000 ba su dawo ba. Akwai wani ɗan gari a jihar Bajiniya mai suna Bedford, mutanensa ba su wuce dubu uku da 'yan kai ba. Ranar 6 ga Yuni, 1944, ranar da aka sauke sojoji a gaɓar Normandi ta Faransa, samarin garin 19 suka mutu a wuni ɗaya. Sai bayan makonni saƙonnin waya suka fara isowa, ɗaya na bin ɗaya. A wancan zamani gidan da ke da ɗa a fagen daga yakan rataya ƙyalle mai shuɗin tauraro a taga, in aka aiko da labarin mutuwa sai a sauya shi da mai ruwan zinariya. Matar malamina ta ce tana yarinya, in suka hango yaron gidan waya a kan kekensa ya shigo layinsu, uwaye sukan tsaya cik a bakin ƙofa, kowace tana addu'ar ya wuce gidanta.

Yanzu ga batun rungumar sojoji, wanda shi ne ainihin abin da ya sa ni magana.

Amurka ba ta fara da kirki ba, sai da ta sha kunya. A 1932, tsofaffin sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya, dubbai, yunwa ta koro su Washinton da matansu da 'ya'yansu, suna roƙon a biya su kuɗin da aka yi musu alkawari, wanda doka ta ce sai 1945. Suka kafa bukkoki suka zauna. Ranar 28 ga Yuli aka turo musu soja a ƙarƙashin Janar MacArthur, da dawakai da tankoki da barkonon tsohuwa, aka kore su, aka cinna wa bukkokin wuta. Soja ya kori tsohon soja a gaban idon duniya. Wannan abin kunya yana zukatan 'yan majalisa lokacin da suka fara lissafin abin da zai faru in mutum miliyan 16 suka dawo gida hannu rabbana, kowannensu ya iya harbi. Shi ya sa tun yaƙi bai ƙare ba, ranar 22 ga Yuni, 1944, Shugaba Roosevelt ya sa hannu a dokar da suke kira GI Bill. Dokar ta ce gwamnati za ta biya wa tsohon soja kuɗin makaranta har dala 500 a shekara, da kuɗin abinci kowane wata. In bai sami aiki ba, dala 20 a mako har mako 52. In yana son gida ko gona ko jari, gwamnati za ta tsaya masa a banki. Zuwa 1956 mutum miliyan 7.8 sun yi karatu ko sun koyi sana'a ta wannan hanya, miliyan 2.2 daga cikinsu a manyan makarantu. A 1947 kusan rabin waɗanda jami'o'i suka ɗauka tsofaffin sojoji ne.

Malamina yana cikinsu. Ɗan manomi ne, a gidansu babu wanda ya wuce sakandare. Sojan ruwa ya yi a yankin Japan, ya dawo, ya shiga jami'a ya fito injiniya, ya sayi gida a bayan gari ba tare da ya ajiye ko sisi na kafin alƙalami ba. Mutumin kirki ne ƙwarai, shi ya fara saya mini rigar sanyi da ya ga ina rawar ɗari a aji. Bai taɓa ɓoyewa ba cewa ba don dokar nan ba da yana can yana tatsar shanu.

Mai gidana kuwa, Baba nake kiransa, ya kuma karɓi sunan hannu bibbiyu. A jihar Misisipi aka haife shi, ubansa yana noman auduga a gonar wani farar fata a kan a raba amfani, amma duk ƙarshen shekara in aka buga lissafi sai a ce su ake bi bashi. A 1943 aka kira shi soja. Baƙaƙen fata fiye da miliyan ɗaya suka yi wannan yaƙi, kuma a ware suka yi shi: barikinsu daban, wurin cin abincinsu daban, har jinin da ake ɗiba don ƙara wa masu rauni sai da aka raba na baƙi da na fari. Mafi yawansu ba a ba su bindiga su shiga daga ba, sai dako da girki da haƙar kabari da tuƙi. Baba tuƙi ya samu.

Bayan saukar Normandi sojoji suka yi gaba da gudu har suka bar kayansu a baya, ga layukan dogon Faransa duk bom ya lalata. Sai aka haɗa ayarin manyan motoci kusan 6,000, aka sa masa suna Red Ball Express, daga ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Nuwamban 1944, suna jigilar fetur da albarusai da abinci dare da rana. Cikin kowane direba huɗu, uku baƙaƙe ne. Baba ya ce da dare rufe fitilun mota ake yi, a bar ɗan tsagi kamar idon kyanwa, kana bin ɗigon hasken motar gabanka, bayanka jarkokin fetur ne maƙil, gefen hanya kuma nakiyoyi. In barci ya ci ƙarfinka, kai da abokin tuƙinka ku yi musayar kujera mota tana tafiya. Abin da ya fi yawan maimaita mini shi ne wata tsohuwa a wani ƙauyen Faransa da ta kama hannunsa da hannayenta biyu tana godiya tana hawaye. Ya ce tun da uwarsa ta haife shi, ranar ce farar fata ya fara miƙo masa hannu. Kafin su tashi daga Amurka kuwa, a wata tashar jirgin ƙasa a kudu, da idonsa ya ga fursunonin yaƙi Jamusawa zaune a kan tebur suna cin abinci, shi da 'yan'uwansa masu kakin Amurka an ce su zagaya ta ƙofar baya su karɓa a tsaye.

Wani dare na hunturu muna zaune a kicin, ya tashi ya ɗauko wani tsohon gwangwanin biskit daga saman kabad. A ciki akwai takardarsa ta sallama daga soja, ta yi ja, duk inda aka naɗe ta ya tsage an liƙe. Ya shimfiɗa ta a kan tebur yana lallaɓa ta da yatsa kamar mai taɓa jariri. Ya ce da wannan takarda, cikin kakinsa a goge, ya shiga wani banki a garinsu a 1946 yana neman rancen sayen 'yar gona. Akawun bai ko karɓi takardar ba. Ya dube shi daga sama har ƙasa, ya kira shi yaro, ya ce babu. A nan dabarar take, Malam Edita. Dokar ba ta ambaci launin fata ba ko sau ɗaya. Amma gwamnati tsayawa kawai take yi, banki ne ke ba da kuɗi, in banki ya hana to babu abin da za a tsaya wa. Wani ɗan majalisa daga Misisipi, John Rankin, shi ne shugaban kwamitin da dokar ta bi ta hannunsa, shi ya tsaya kai da fata sai an bar aiwatarwa a hannun jihohi da ofisoshin gari, don ya san su wane ne ke zaune a bayan kanta. Wani bincike da aka yi a garuruwa 13 na jihar a 1947 ya gano rance 3,229 da gwamnati ta tsaya wa tsofaffin sojoji. Biyu kacal suka je hannun baƙar fata.

Karatu fa? Babbar jami'ar jihar ba ta ɗauki baƙar fata ba sai a 1962, shi ma James Meredith, wanda tsohon soja ne, sai da aka kawo dakarun tarayya suka raka shi. Kwalejojin baƙaƙe sun cika sun batse, dubbai aka mayar don babu gurbi. Ba na musun cewa akwai baƙaƙe da yawa da suka ci moriyar dokar, musamman a arewa, wasu sun zama likitoci da lauyoyi. Amma Baba, mutumin da ke iya sauke injin gingimari ya mayar cikin duhu, da ya je ofishin samar da aiki sai aka nuna masa wankin kwanuka, aka ce in ya ƙi to dala 20 ɗin ma ta tsaya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ya tattara ya hau jirgin ƙasa zuwa Detroit, ya sami aiki a sashen narka ƙarfe, wurin da ya fi ko'ina zafi da hayaƙi. Gidan da na zauna a ciki, a hannun mai shi ya saya yana biya wata-wata, bisa sharaɗin in ya tsallake wata ɗaya gida ya koma, kuɗin da ya zuba sun bi ruwa. Wata Lahadi bayan ya dawo daga coci ya ce in shiga mota. Muka je kusa da titin da ake kira Eight Mile, ya tsaya a bakin wani bango na siminti. Tsayinsa ƙafa shida, tsawonsa kusan rabin mil, ya ratsa ta bayan gidajen mutane. A 1941 aka gina shi. Wani mai gina gidaje ne ya nemi gwamnati ta tsaya masa a kan rance, aka ce filinsa ya yi kusa da unguwar baƙaƙe, sai ya ja bango a tsakani, aka amince masa. Na sauka na dafa shi, sanyinsa ya ratsa tafin hannuna, in na yi ɗage ina hango rufin gidajen ɗaya ɓangaren. Baba bai fito daga mota ba. Hannunsa na kan sitiyari yana kallon gaba har na dawo. Bangon nan yana tsaye har yau.

Gida shi ne gadon talakan Amurka. Na malamina kullum daraja yake ƙarawa, da shi ya jingina ya kai 'ya'yansa jami'a. Na Baba kullum faɗuwa yake. Abin da akawu ɗaya ya yi cikin minti biyu a 1946, jikoki ne ke biyansa.

Baba ma cewa yake ya auna arziki, don ya dawo da idanunsa. A watan Fabrairun 1946 wani saje mai suna Isaac Woodard, sa'o'i kaɗan bayan an sallame shi, yana cikin kaki a motar haya zai koma gida, suka yi sa-in-sa da direba a kan ya tsaya ya kama ruwa. A garin Batesburg na Karolina ta Kudu 'yan sanda suka sauke shi, aka yi ta dukansa da kulki har idanunsa biyu suka mutu. Aka kai shugaban 'yan sandan kotu, masu taya alƙali yanke hukunci, dukansu farare, suka wanke shi nan da nan. Labarin ya girgiza Shugaba Truman, kuma yana cikin abin da ya kai shi ga ba da umarnin kawar da wariya a rundunar soja ranar 26 ga Yuli, 1948. Mutanen da suka ga Faransa suka dawo ba su ƙara yarda su sunkuyar da kai ba. Medgar Evers, wanda aka harbe a ƙofar gidansa a Misisipi a 1963 saboda fafutukar 'yancin zaɓe, tsohon sojan wannan yaƙi ne.

Ba baƙaƙe kaɗai ba. A 1942 aka kwashe mutum kusan 120,000 'yan asalin Japan daga gidajensu aka zuba su a sansanoni cikin waya, kashi biyu cikin uku 'yan ƙasa ne haifaffun Amurka, daga baya kuma, iyaye na tsare, 'ya'yan wasunsu suna can suna mutuwa a Italiya cikin kakin Amurka. Na yaba wa ƙasar da ta iya dawowa ta ce ta yi kuskure. A 1988 Shugaba Reagan ya sa hannu a dokar neman gafara, aka ba duk wanda ya rage dala 20,000. A 1997 aka ba baƙaƙe bakwai lambar jarumta mafi girma, wadda ba a ba ko ɗayansu ba lokacin yaƙin. Sai dai mutum ɗaya ne cikin bakwai ɗin, Vernon Baker, yake raye ya karɓa da hannunsa.

Akwai kuma abin da doka ba ta biya. Ranar 4 ga Yuli, da Amurkawa ke bikin 'yancin kai da wasan wuta, malamina ɗakin ƙasa yake shiga ya rufe ƙofa. Matarsa ce ta gaya mini, shi bai taɓa ɗaga zancen ba. Jirgin saman ƙunar baƙin wake ne ya faɗa wa jirgin ruwansu kusa da Okinawa, ya kwashe gawar abokansa da hannunsa. Da ta faɗa mini haka sai jikina ya yi sanyi, don na tuna mahaifina. Tun muna yara bai taɓa kai mu kallon hawan sallah ba. Da 'yan bindiga sun fara barin wuta a ƙofar fada, sai ya shige ɗaki ya ja bargo, ko da kuwa ana zafin bazara. Mu a lokacin haushi muke ji. Sai a Detroit na gane.

Mahaifina da runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ya je, suka yi faɗa a kwarin Kaladan na ƙasar Bama, cikin dajin da mota ba ta shiga, kayan yaƙi a ka ake ɗauka. A 1946 jirgin ruwa ya sauke su a Ikko, jirgin ƙasa ya kawo shi Zariya. 'Yan kuɗin sallamar da ya samu ya sayi keke, ya yi aure, suka ƙare. Babu wanda ya yi masa tayin makaranta ko jari. Gadin kanti ya yi har ƙarfinsa ya ƙare. 'Yan'uwansu na Gana da suka yi jerin gwano a Ankara ranar 28 ga Fabrairu, 1948 don neman haƙƙinsu, harsashi aka amsa musu da shi, uku suka faɗi. Ranar da na ba Baba wannan labari ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce in na rubuta wasiƙa gida in gaishe masa da ɗan'uwansa. Na rubuta, aka karanta wa mahaifina, ya aiko masa da hula ƙube. Da ita Baba yake zuwa coci.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne baɗi in makon 'yan mazan jiya ya zagayo, kada a tsaya ga hoton manya suna ajiye furanni. Ka tura wakilanka wurin matan da mazansu suka kwanta dama a dajin Borno da Zamfara, da samarin da suka dawo da ƙafa ɗaya. Su riƙe takardar da ta faɗi haƙƙinsu a hannu, su karanta musu layi-layi, su tambaye su wanne ya iso, wanne ya maƙale, kuma a teburin wa. Su kuma nemi 'ya'yan waɗanda suka je yaƙin Bama tun muna da sauran numfashi, don iyayen kusan duk sun tafi. Akwatin ƙarfen mahaifina yana nan a ƙarƙashin gadona, da lambobinsa da littafin albashinsa na soja, da hoton Baba sanye da hular nan. Duk ranar da wakilinka ya shigo Zariya, ya biyo ta Tudun Wada, jikana zai buɗe masa.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Tsohon malamin fasaha, Tudun Wada, Zariya